Inna, Kin Kafa Doka Kin Karya Ta

Zuwa ga mahaifiyata, Hajja Hawwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗiya ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Amma yau ba hira ta kawo ni ba, Inna. Fushi nake yi da ke.

Ke kika tara matan mahlaj ɗinmu, inda muke gurzar auduga, kika kafa jam'iyyar musanya. Doka ɗaya ce: duk wadda ƙura ta toshe wa ƙirji ta faɗa, a mai da ita fili ɗinkin buhu, wata ta karɓi wurinta a bakin inji har ta samu sauƙi. Da mai kula da aiki ya ƙi, zama kuka yi a ƙasa ku duka, sai da ya sauko.

Ina tuna ki da safe kina bin layi kina kasa kunne ga numfashin mutane. Mace ta yi tari sau biyu, kin nuna mata ƙofa. "Fita, ba na son gardama," kike cewa.

To ke wa ya karɓi wurinki? Shekara da shekaru kina tsaye a madadin wasu, ki zagaya bayan buhuna ki yi tarinki cikin mayafi. Ni na wanke mayafin nan. Na ga ja, kika ce karkade ne, wato zoɓo, ya zuba. Na yarda, don ina so in yarda. Ranar da muka kai ki gun likita a garin Hasahisa, kallonmu kawai ya yi, lokaci ya riga ya ƙure.

Yanzu yabonki ake yi: Hajja ba ta taɓa neman musanya ba. Kin san ɓarnar da wannan yabon ya yi? Mata sun koma haɗiye tari don kada a ce ba su kai ki ba. Jam'iyya tana nan, babu mai fita. Wannan kike kira jarumta?

Ni ma wata uku ke nan numfashina na sarƙewa, na yi shiru saboda ni ɗiyarki ce. Jiya da muka zauna shan shayi da matan mahlaj na miƙe na ce a musanya ni. Sai na faɗa musu duk abin da kika ɓoye, ban rage komai ba. Na tona miki asiri, Inna, kuma ban yi nadama ba. Kafin mu tashi, mata uku sun nemi a fitar da su.

Kewarki nake yi har cikin ƙashina. Da kin buɗe baki sau ɗaya, wallahi da gudu zan tsaya miki.

Allah Ya yafe miki, Ya haskaka makwancinki, Ya ba ni ikon yafe miki ni ma.

Ɗiyarki da ke ɗinkin buhu tun safiyar yau,
Nafisa