Soket ɗin Ranar Kasuwa

Talata, 5 ga Nuwamba, 2024

Ban gaya wa kowa ba: ba na son komawa Lafani. Duk sanda Inna ta kira sai in ce ina kewar gida. Ina kewarta, amma nan Illela a ɗakin Yaya Shahida nake son zama.

Yau Yaya ta dawo ba ta ci tuwo ba. Ita ke kula da kwamfuta a kamfanin da ke sayar da taki. Ta ce akwai aikin da na'urar ke yi da kanta da rana, ta tura lissafin buhuna zuwa babban ofis a Sakkwato, in ta gama ta bar rahoto. Na wasu ranaku babu shi. Can suna zargin ita ke gogewa. In ba ta gano dalili ba kafin ƙarshen wata, za su kawo wani. Mu kuma sai Lafani.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ta duba ko ma'ajiyar na'urar ta cika. Ba ta cika ba. Ta duba ko da sunan wani ake rubuta rahoton. A'a. Ni dai na riƙe mata waya tana magana da wani injiniya da ke ta cewa ta sake dubawa.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Ta lura duk na Lahadi ne ke ɓata, ranar kasuwa, ranar hutunta. Ta ce in raka ta jibi. Na ce to, ba don ina so ba. In ban da ita, ofishin maza ne zalla.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Mun gani da idonmu. 'Yan kasuwar Ƙonni sun cika ofis, kowa da wayarsa a hannu. Malam Abu manaja mutum ne mai son baƙi, shayi yake ba su, ba ya hana kowa caji. Da soket suka ƙare, wani ya sunkuya ya zare wayar wutar wani baƙin akwati da ke ƙarƙashin tebur ya sa tasa. Akwatin nan shi ke yin aikin. Batirinsa ya daɗe da mutuwa, nan take ya ɗauke. Da yamma maigadi ke mayar da wayar, shi ya sa Litinin komai lafiya.

Yaya ta yi dariya har da hawaye, a waje, don kada Malam Abu ya ji kunya.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Sakkwato sun ce ba labari suke so ba, rahoton Lahadi mai zuwa suke son gani. Sabon batir kuma sai wani watan. Wannan Lahadin Yaya ba ta da hutu, za ta kasance a sito wajen lodi, don haka ni zan zauna gadin soket. Ni da ko a aji, kafin in bar makaranta, ban taɓa ɗaga hannu ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na zauna a kan tabarma, bayana jingine da tebur. Yara biyu sun zo, da suka gan ni suka juya. Sai wani Alhaji, babba, sa'an Baba, ya miƙo hannu ta saman kaina.

Na ce, "Baba, don Allah ba a cire wannan."

Ya ce, "Mi? Ke ɗiyar wa ce?"

Na ce ƙanwar mai kwamfuta ce, kuma in ya cire, buhunansa ba za su shiga lissafi ba. Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya ce wa Malam Abu ashe ya ɗauki sabon soja bai gaya musu ba. Kowa ya yi dariya. Na karɓi wayarsa na kai masa shagon caji na maƙwabta.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Rahoto ya fito. Yaya ta nuna mini layin ƙarshe, ta sa na karanta da kaina. Da Turanci ne, na yi tuntuɓe sau biyu, amma na kai ƙarshe. Aikinta ya tsira.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Inna ta kira, ta ce tunda kullum kewa nake in biyo motar Lahadi. Na ce Lahadi ina da aiki. Ta tambayi wane aiki, Yaya ta karɓi wayar.

Na wanke tsohuwar jakar makarantata, na shanya a bayan ɗaki. Gobe zan bi ta gaban sakandaren 'yan mata in tambayi inda ofishin shugaba yake. Tambaya kawai.