Irin Dawar Surukina Ba Zai Kai Baɗi Ba

Zuwa ga Mai Girma Wakilinmu a Majalisar Wakilai ta Tarayya,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ina yi maka barka da shigowar damina, ko da yake ni bana duk sanda hadari ya haɗo, gabana ne ke faɗuwa.

Sunana Bawa Magaji. Manomi ne ni, na haura shekara sittin. Ƙauyenmu yana bayan Wasagu, a gindin dutse. Ba zan rubuta sunansa ba, domin 'yan bindigar da suka kore mu su ma suna da masu karanta musu takarda. Damina biyu ke nan da muka gudo, ni da matata Laraba, da matar ɗanmu soja da 'ya'yanta uku. Muna zaune a wani kango a bakin garin Zuru, ta hanyar Dabai, wanda wani Ibo mai shagon kayan babur ya ba mu aro, Allah ya saka masa. Sau uku na zo ofishinka na mazaɓa ban same ka ba, shi ya sa na kawo kukana fili.

Na ɗaya. Ranar da muka gudu, Laraba ta bar tukwanenta da zannuwanta da awakinta, ta ɗauko tulu ɗaya a ka. Irin dawa ne a ciki, tiya shida, gauraye da toka saboda ƙwari. Ka san al'adarmu ta golmo, inda saurayi ke yi wa uban yarinya noma kafin a ba shi ita. Shekara bakwai na yi a gonar mahaifin Laraba, har tafin hannuna ya koma kamar ƙirgi. Ranar da ya sallame ni, mata ya ba ni da zangarniya goma na wannan jar dawa. Tana jure tsakuwa, tana yi ko ruwa ya ɗauke da wuri, kuma ban taɓa ganinta a kasuwa ba. Rumbunan ƙauyenmu duk an ƙone su. Iya sanina, abin da ke cikin tulun nan shi kaɗai ya rage.

Kai ma ka taɓa cin ta. Da kuka zo neman ƙuri'a motarku ta kafe a rafinmu, mu muka tura ta, Laraba ta tuƙa muku tuwo, mutanenka har da neman ƙari. Ba gori nake yi ba. So nake ka tuna ɗanɗanon abin da nake magana a kai.

Na biyu. Da aka yi shelar cewa ofishinka zai taimaki manoma, na je da katin zaɓena. A nan na gane ashe takarda biyu ce. Ta mutanen gari da kewaye, su za a ba aron fili a bayan gari. Ta mutanen karkara, su za a ba taki da iri, tunda an ɗauka suna da gona. Magatakardan ya duba katina ya ce gundumata ta karkara ce, don haka babu ni a fili. Na ce masa gonar tawa tana hannun masu bindiga. Ya ce abin da tausayi, amma kati ba ya ƙarya. Na nemi a mayar da ni takardar gari, aka ce sai wanda rumfar zaɓensa ke cikin gari. A zuwana na uku ya miƙo mini ƙullin irin masara a leda. Na ce ina da iri, ƙasa nake nema. Ya juya takardar gaba da baya, ya nuna mini da yatsa cewa babu gurbin mai iri marar gona. Ban ji haushinsa ba, yadda aka tsara masa ya bi. Masarar kuwa ko dafa ta ba mu iya ba, an shafa mata jan magani.

Ranka ya daɗe, mazaɓar ɗaya ce, kujerar ɗaya ce. Ranar ƙirga ƙuri'a ba a ware ta ɗan gari da ta ɗan dutse ba. Yau ina tsaye a tsakiya, gari ya ce ni baƙauye ne, ƙauye kuma babu kowa, an ƙone shi ƙurmus. Kuma ba ni kaɗai ba ne, duk kangayen layinmu irina ne a ciki.

Na uku. Iri ba ya jira. Bara na gwada ƙwaya goma a fasasshen kwano, takwas suka tsiro. Bana na sake gwadawa, huɗu. Duk manomi ya san abin da wannan ke nufi: in ba a binne shi a wannan daminar ba, baɗi toka kawai zan buɗe in tarar. Na bi gonakin Dabai ina ƙwadago ina roƙon ko kunya goma, kowa ya ce 'yan'uwansa da suka gudo sun riga ni. Ruwan shuka ya sauka sau biyu. Ina zaune a ƙofar kango ina kallon wasu suna wucewa da sungumi, wallahi har hawaye na yi, ni da na binne 'ya'ya biyu ban yi kuka a gaban mutane ba.

Na huɗu, kuma shi ne mafi nauyi a bakina. Jikokina suna kwana da yunwa, tulu cike da dawa yana kusurwar ɗaki. Laraba ce ke hana kowa taɓa shi. Ita ta mari hannun matar ɗanmu a kansa, ita da ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Amma ƙaramar jikar tamu ƙafafunta sun fara kumbura. Ranar Lahadi da muka dawo daga coci, Laraba ta faɗa mini cewa ubanta dawa ya ba mu don mu rayu, ba don mu yi gadinta ba, kuma in ruwa na uku ya sauka babu gona, za ta niƙa.

Ga roƙona. A buɗe gurbi a takardar fili saboda waɗanda suka gudo, ko da katinsu na karkara ne. In hakan zai ɗauki lokaci, ka sa baki a ara mini ko rabin kadada na damina ɗaya, ko tsakuwa ce zalla, dawar ta saba. In na girbe, zan raba irin ga duk mutumin ƙauyenmu da ya rage, in kawo maka damin farko da kaina. Ba kuɗi nake nema ba, ba buhu ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare hanyarka, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya kuma raba ka da ganin ranar da za ka zaɓa tsakanin jika da iri.

Ina roƙonka kada a ajiye takardar nan sai ka dawo hutu. Yanzu haka gabas ta yi baƙi, kuma da safen nan na ga Laraba ta aro dutsen niƙa a maƙwabta, ta wanke shi ta jingine a bakin ƙofa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Bawa Magaji,
manomi marar gona, bakin garin Zuru.