Motar da Babu Wurin Gwaggo

Wudil, ranar Talata.

Zuwa ga ƙanena Saifuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a can Fatakwal. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi na halal, ya tsare ka a fitarka da shigarka, amin. Mu ma nan lafiya lau, alhamdulillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa karatun safe da kanta. An yanke geron gonar Dagumawa, ya yi kyau fiye da na bara. Shirin bikinka kuma yana tafiya, ɗinki ne kawai ya rage.

To, maganar motar da ka ce in je in gano maka a wurin Isyaku dillali. Na yi mamakin da ka zaɓe ni, ni da ban san birki da giya ba, amma ka ce ido kake so wanda ba zai ƙara gishiri ba. Shi ya sa na tafi da maigidana Malam Yahuza, tunda shekara ashirin ya yi yana tuƙi kafin ya ajiye aiki. Abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da shi ya faɗa zan ce shi ya faɗa.

Kyau kam, hoton da ka gani a waya bai yi ƙarya ba. Ja ce jawur, 'yar ƙarama, kujerunta biyu kacal, na fata masu laushi. Isyaku ya danna wani abu, sai rufin ya ɗaga da kansa ya naɗe ya shige baya, kafin in yi salati uku. Malam ya buɗe gaba ya kasa kunne ya daɗe, ya duba mai, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce injin lafiyarsa ƙalau, tayoyi ma sababbi ne. Ya ce abin da zai dame ka shi ne kayan gyaranta, don ba kowane bakanike ne a Wudil zai taɓa ta ba, sai an dangana da Kano.

Ni kuma na roƙi a rufe ta, na ari buta na kwarara ruwa a kan rufin, tunda na ga na yadi ne. Isyaku yana ta dariya, wai Hajiya alwala za ta yi wa mota. Dariyar ta tsaya da ruwa ya fara ɗiga ta kusurwar hagu, daidai kafaɗar direba. Ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi, don tun da aka kawo ta ba a yi ruwan kirki ba. Na gaya masa a gabansa cewa zan rubuta maka, don kada ya zama na yi da shi a bayan ido. Ya ce zai sa a gyara kafin ka zo.

Daga nan muka ɗauke ta gwaji, ni da Malam. Shigarta sai da dabara, don kamar a tabarma za ka zauna. Dole in faɗa maka gaskiya ko da da kunya: na ji daɗi. Da muka hau gada rufi a buɗe, ga kogi, ga masunta, ga iska tana dukan fuska, na riƙe hijabina da hannu biyu ina istigfari ina dariya. Malam ya ce tun da muka yi aure bai taɓa ɗauko ni a mota mu biyu kaɗai ba, ba yaro ba buhu, sai ranar. Amma rana tana yin tsaka muka rufe, don kujerar fatar nan zafi take ɗauka kamar tanda. But ɗinta kuwa, jakata da kular abinci ɗaya suka cika shi.

Sai Malam ya ce tunda don ɗauko amarya kake son ta, mu bi hanyar da za a bi ranar, mu je Utai mu gaida su Rahinatu amaryarka. A kwalta kamar a kan ruwa take tafiya. Da muka sauka kwalta cikinta ya gogi ƙasa sau biyu, sai da Malam ya riƙa bin gefe a hankali. Mun isa dai, ba abin da ya fashe.

A can na tarar da abin da ya fi ɗigar ruwa. Ashe labari ya riga mu zuwa, wai ango zai sayi mota mai kujera biyu don ɗaukar amarya. Mun gaisa da matan gidan, amma gaisuwar ba ta da ɗumin da na saba. Gwaggon Rahinatu, Hajiya Ikilima, wadda take aikin jinya, ita ta fito da maganar fili. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin an kai 'yarsu ɗaki ba gwaggo a gefenta tana riƙe da hannunta ba. Ta ce ango ba ya zuwa ɗaukar amarya, abokinsa ke tuƙi, to yarinya za a saka ita kaɗai da ƙaton da ba muharraminta ba, kai a buɗe kamar an ɗauko tunkiya daga kasuwar Juma'a? Ta ce in ƙanenku ya gaji da dangin amarya tun ba a ɗaura ba, ku faɗa mana, ba sai ya sayi mota ta faɗa ba.

Saifuddeen, maganarta gaskiya ce, kuma ni kaina ban kawo ta a raina ba. Na san kai ma kyan motar ka gani, ba ka ƙirga kujeru ba. Na ba su haƙuri, na ce ɗan'uwana ba mai raina mutane ba ne, kuma ba a saya ba tukuna, duba ta aka aiko ni. Na ce in motar za ta ɓata tsakanin gida biyu, yau zan rubuta maka ka bar ta.

Da suka fito yi mana rakiya, Hajiya Ikilima ta tsaya tana kallon motar, tana taɓe baki. Ta zagaya ta sau ɗaya. Ta tambayi Malam ko mai giyar hannu ce, ya ce a'a, da kanta take canzawa. Ashe shekara goma sha biyu tana tuƙa kanta zuwa asibiti. Ta ce ya ba ta mabuɗin ta ga abin da ake ta kururutawa. Malam ya kira Isyaku a waya ya nemi izini, ni kuma ta ce in shiga. Muka je har bakin kwalta muka dawo. Ba ta goga cikin ko sau ɗaya ba, abin da Malam bai ji daɗin ji ba har yau. Da ta tsaya ba ta fito nan da nan ba, ta zauna tana shafa sitiyari, ta ce ashe 'yar banzar da daɗi.

A nan ta yanke hukunci a gaban kowa. Ta ce in dai a wannan za a kai Rahinatu, ita ce direba kuma ita ce gwaggo, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a hannun 'yarta. Rufi a rufe tun daga Utai har ƙofar gidanka, sauran mata su biyo a bas, abokanka kuma su nemi abin hawansu. Matan gidan suka sa guɗa, aka kawo mana fura.

To ga shawarata. Motar lafiyayya ce, ban ga aibin da zai hana saye ba in an gyara rufin, amma ka sani ba ta kai Inna asibiti ba ce, ba kuma ta ɗauko amfanin gona ba. In ka yarda da sharaɗin Hajiya Ikilima, ka saya, Allah ya sa albarka. In ba ka yarda ba, ka bar wa Isyaku abarsa. Kuma kafin ka kira shi, ita za ka fara kira ka gaishe ta, ka ba ta haƙuri da bakinka. Na riga na ce mata za ka kira.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Malam Yahuza yana gaisuwa, haka yara, Sharifa da Murja. Ka gaida maigidanka na wurin aiki da duk 'yan'uwa Musulmi da ke tare da kai. Allah ya kawo mana kai lafiya, ya nuna mana ranar da rai.

Wassalam,
Yayarka,
Hansai.