Ƙwayoyin Gwiwar Umma

Yayana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Umma da yara. Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba direba wannan takarda. Don Allah kada Umma ta sha ƙwayoyin ciwon gwiwa da na aiko shekaranjiya.

Ka san halinta, in ta ga kwalbar magani sai ta ce asibiti ya biyo ta gida. Don haka na juye su a gwangwanin alewa, kwalbar ta zauna a wurina. Wayo ya zame mini wauta. Yau ina shara na karanta jikin kwalbar, gabana ya faɗi: da ɓawon jatan lande da na ƙaguwa aka yi su.

Na ruga wurin mai kemis. Ya ce sunan maganin gulukosamin, wani ɗan'uwan sukari ne mai ɗauke da sinadarin naitirojin. Jiki na yin nasa don gina guringuntsin gaɓoɓi, kamfani kuma daga ɓawo yake tatso shi. Wai yawanci naman ne ke tayar da ciwo, ba ɓawon ba, amma ba zai rantse ba.

Yaya, ka tuna ranar da Umma ta ci jatan lande, leɓenta ya kumbura, numfashinta ya riƙa fita kamar usur? Tsoro nake ji. In ta riga ta sha, ku kai ta asibiti, kada ku tsaya jira.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Bayan gaisuwa, amsarka ta iso. Alhamdulillahi da ba ta sha ba. Faɗan da ka yi mini kuwa na karɓa, na cancanta.

Amma layinka na ƙarshe ya hana ni sakat. Ka ce ta ɗaure gwangwanin a ɗankwali ta sa a ƙasan akwati, tana ɗingishi, wai sai na zo na ba ta da hannuna. Shekara biyu ke nan ban taka gidan ba, Yaya. Rashin zuwana ne ya tsare ta daga shan su, ban san ko murna zan yi ko kuka ba.

Ka ɗauke gwangwanin yau, ina tsoron ciwo ya ci ƙarfin haƙurinta. Ka ce mata ina tafe ranar Asabar, ni zan kai ta wurin likita.

Taka,
Auta