Gadin Tattasan Iya

Daren Alhamis, bakwai ga Safar

Yau ma a garkar kakata Iya na wuni ina gadin tattasai, alhali abokaina su Ɗanlami sun tafi Gwaram kallon kokawa.

Ni na jawo wa kaina. Na samo ƙafar akuya wajen mahauta, na bi kunyoyin ina danna sawu, don kawai in ji Iya tana salati. Ta yi kuwa, na yi dariya har da riƙe ciki. Sai Baba ya ce tunda dabba na shiga, ba inda zan je sai tattasan ya yi ja an tsinke. Ga shi kore shar! In na faɗi gaskiya kuma, bulala ce.

Da la'asar Iya ta kawo min fura, ta tsuguna tana duban sawun.

Ta ce, "Maigida, akuyar nan taka akwai kunya. Ko ganye ɗaya ba ta ci ba."

Na ce, "To ki sa Baba ya sake ni mana, amaryata."

"In rasa mai gadi? Sha furarka."

Ta ja ƙyauren, ta ɗaure ta waje.