Ƙwan Kajin Moeke

Ni ce Tinne Vercauteren, shekaruna goma sha huɗu. Ƙodata ce ta lalace, amma hankalina ƙalau yake, likita ma ta tabbatar. Ba ni da 'ya'ya, ku ne nawa, ƙannena Warre da Fien. Kun san magana tana yi min nauyi, shi ya sa na rubuta.

Na ɗaya. Warre, kekena naka ne, ka sauke sirdin kafin ka hau. Fien, ki ɗauki jar rigar ruwana, za ki girma ki cika ta.

Na biyu. Jinina da ke jami'a. Bara masu bincike sun zo unguwarmu sun ɗebi ƙasar lambuna da jinin yara, saboda gubar da ke fitowa daga masana'antar ƙetaren kogi. A jikina aka samu mafi yawa. Baba yana so a karɓo jinin a zubar, ku roƙe shi ya bari. Akwai malamin falsafa a cikin masu binciken, aikinsa tambayar yara ko sun amince. Ya zauna da ni kusan awa guda ina kallon takalmina. Ya ce, "Tinne, yin shiru ba amincewa ba ce, sai na ji daga bakinki." Na faɗa da bakina cewa na amince. Jinin zai shekara talatin a firiza, da lamba a jikin kwalbar, babu suna. In na tuna shi can cikin sanyi, sai in ji kamar rabina ya riga ya tafi.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki biro. Wata tara ke nan Mama ba ta yi wa mahaifiyarta, kakarmu Moeke, magana ba. An ɓoye muku dalili. Ina ƙarama ba na son abinci. Moeke ba ta yarda da ƙwan kanti ba sai na kajinta, kullum safe ta dafa min biyu tana cewa, "Ci mana, 'yar tsinke, kafin iska ta ɗauke ki." Kajin kuwa a ƙasar lambun nan mai guba suke tono. Ranar da hukuma ta aiko da takardar hana cin ƙwan gida, Mama ta ajiye ta gaban Moeke ta ce, "Karanta, ga abin da kika ɗura mata." Ta fita.

An kwashe kajin. Har yau Moeke takan fita da kwano da safe, ta tsaya bakin akurki, ta dawo. Ni ma ina jin kukansu a nan asibiti, a hawa na biyar.

Na tambayi Dokta Van Hoof ko ƙwan ne. Ta ce binciken yana magana ne a kan yara dubu, ba zai iya faɗin abin da ya kwantar da yarinya ɗaya ba. Na roƙe ta ta rubuta haka ta sa hannu. Takardar tana cikin ambulan ɗin wasiƙar nan, ku ba Mama. Abin da nake zato a raina kuwa, da shi zan tafi.

Ranar da za a kai gawata coci, Fien ki riƙe hannun Mama, Warre ka riƙe na Moeke, ku zaunar da su a benci ɗaya. Kada ku shiga tsakaninsu.

Allah ya raya ku, ya ba ku jini mai tsabta da tsawon kwana. Ku riƙa zuwa gidan Moeke ranar Lahadi ko Mama ba ta je ba. In ta dafa muku abu, ku ci a gabanta, ku cinye.