Hannun Inna Ya Ƙi Lanƙwasuwa

Shagari

Zuwa ga Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyalinka da yara. Ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan mun gode Allah.

Yaya, maganar hannun Inna ce, wanda ya karye a bakin rijiya. Tun da aka kwance ɗorin, wata biyu ba mu bar ta ta ɗauki ko ludayi ba. Ranar Talata likitar gashin ƙashi a Sakkwato ta ce ƙashi ya haɗe, amma hutun da muka ba shi ya sandarar da gwiwar hannun. Kasa ɗaga kai na yi.

Ta koya mini lanƙwasa shi safe da yamma. Ta ce in aka bari, Inna ba za ta ƙara kai loma baki da damanta ba. Jiya ina yi Inna tana hawaye, ta ce, "Ɗiyata, mi niy yi maki?" Ban saki ba. Da na gama, na shiga ɗaki na yi nawa kukan.

A gaishe da kowa. Ku roƙa mata sauƙi, ni kuma Allah ya ba ni zuciyar sake kama hannun nan gobe.

Ƙanwarka,
Safiya